Tattara Burbushin Dabbobi Masu Jan Ciki na Farkon Zamani: Misali Daga Duwatsun Moradi

1.0 Gabatarwa

A arewacin Agadas ta Jamhuriyar Nijar, kusa da garin Arlit inda ake haƙar yuraniyom, akwai wasu jajayen duwatsu da masana ilimin ƙasa suke kira shimfiɗar Moradi. Kada kamannin suna ya ruɗi ɗalibi, wannan wuri ba shi da alaƙa da birnin Maraɗi da ke kudu. A cikin waɗannan duwatsu ne aka tono ƙasusuwan wasu dabbobi da aka ƙiyasta sun rayu fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, wato tun kafin bayyanar dabbobin nan da ake kira dainoso. Wannan darasi zai duba yadda ake tattara irin waɗannan ƙasusuwa, da kuma dalilin da ya sa masana suke ba makwancin ƙashi muhimmanci daidai da ƙashin kansa. Batun ya shafi malamin Hausa, domin shi ake sa ran zai samar da kalmomin bayyana shi cikin harshen yara, kuma sau da yawa shi ne mutum na farko da yaro zai kawo wa baƙon dutsen da ya tsinta a bayan gari.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A Hausar yau da kullum, burbushi shi ne ɗan abin da ya rage bayan ainihin abu ya ƙare, kamar burbushin ƙosai a ƙasan kasko. An faɗaɗa ma'anar kalmar ta ƙunshi duk wata alama da wata halitta ta dauri ta bari a cikin dutse. Alamar tana iya kasancewa haƙori ko sawun ƙafa ko ƙwai ko ganye, tana kuma iya kasancewa ƙashi ko kashi, domin duka biyun suna rikiɗa su zama dutse. A nan malami yana da kyakkyawan misali na amfanin baƙi mai lanƙwasa, tunda lanƙwasar ce kaɗai ta raba waɗannan kalmomi biyu a rubuce.

Dabbobi masu jan ciki kuwa su ne dangin kada da ƙadangare da damo da guza da maciji da kunkuru. Abin da ya bambanta su da kwaɗo shi ne ƙwai. Dole kwaɗo ya koma ruwa ya zuba ƙwansa, 'ya'yansa su fara rayuwa a can kamar kifi. Su kuwa masu jan ciki ƙwansu yana da ɓawo da ke riƙe danshi a ciki, don haka suna iya ajiye shi a tudu. Wannan ne ya ba kakanninsu damar nisantar bakin ruwa su bazu a busasshiyar ƙasa. Sai dai sunan “masu jan ciki” ya dace ne da waɗanda Bahaushe yake gani a yau. Kamar yadda za a gani a gaba, daga cikin na dauri akwai wanda cikinsa bai taɓa ƙasa ba.

3.0 Dalilin Ƙarancin Burbushin Farko

Idan dabba ta mutu a daji, kura da ungulu da rana da ruwan sama ba sa barin komai nata. Kafin ƙashi ya zama burbushi, sai laka ko yashi sun binne shi da wuri. Daga nan ruwan da ke tsattsafowa ta cikin ƙasa yake ɗauko ma'adinai yana cike 'yan ƙofofin ƙashin sannu a hankali, har ya yi nauyi ya taurare. Bayan haka kuma sai dutsen ya tsira daga motsin ƙasa na miliyoyin shekaru, sannan zaizaya ta tone shi a daidai lokacin da akwai mai idon gane shi. In ya fito fili ba a gan shi ba, iska da zafin rana za su farfasa shi cikin 'yan shekaru. Masu jan ciki na farko ƙanana ne, ƙasusuwansu sirara, saboda haka samun nasu ya fi na manyan dabbobin baya wuya.

Ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka sani shi ne Hylonomus, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 312 da suka wuce, tsawonsa har da wutsiya bai wuce santimita 25 ba. John William Dawson ne ya same shi a gaɓar tekun Joggins ta ƙasar Kanada, ya raɗa masa suna a shekarar 1860. Abin lura shi ne inda aka same shi: a cikin kogon kututturen wasu itatuwa da suka zama dutse a tsaye. Kogon ne ya kare ƙasusuwan, shi ne kuma ya nuna cewa dabbar mazauniyar kurmi ce. Da a ce wani ya ɓalle ƙasusuwan ya kai kasuwa ba tare da faɗin inda ya samo su ba, da wannan bayani ya salwanta.

4.0 Abin da Aka Samu a Moradi

A shekarun 1960, masu binciken yuraniyom na ƙasar Faransa da ke aiki a arewacin Nijar sun riƙa cin karo da manyan ƙasusuwa a cikin hamada. Wannan ya sa aka gayyato Philippe Taquet, wani matashin masani daga birnin Faris. An fi sanin Taquet da aikinsa a Gadoufaoua, inda aka sami dainoso mai suna Ouranosaurus da kuma ƙaton kadan nan Sarcosuchus, amma duwatsun Moradi sun girme na Gadoufaoua da fiye da shekara miliyan 100. A shekarar 1969 ya bayyana wata dabba daga Moradi bisa ga muƙamuƙinta na ƙasa, ya sa mata suna Moradisaurus grandis. Ƙoƙon kanta ya haura santimita 40, haƙoranta kuma ba layi ɗaya ba ne kamar na kada, jere suke layi-layi har kusan goma, tamkar dutsen niƙa, abin da ke nuna cewa tsirrai masu tauri take ci.

Bayan wannan, sai wurin ya daɗe ba a waiwaye shi sosai ba. A shekarar 2003, Christian Sidor da David Blackburn da masanin nan ɗan Nijar Boubé Gado suka bayyana wata dabba ta biyu, Bunostegos akokanensis. Kashi na farko na sunan yana nufin rufin kai mai ƙulu-ƙulu, na biyun kuma daga garin Akokan da ke maƙwabtaka da Arlit aka ɗauko shi. Girmanta ya kai na saniya, kanta cike da ƙullutai na ƙashi. Sidor da abokan aikinsa sun fita daji a 2003 da 2006, suka tattaro ƙarin ƙoƙunan kai da ƙasusuwan ƙafafu. A 2005 kuma suka bayyana wasu manyan dangin kwaɗo guda biyu daga wurin, Nigerpeton da Saharastega.

Darasi mafi girma game da tattarawa ya fito ne daga ƙasusuwan ƙafafun Bunostegos. Ƙoƙon kai shi ne abin da kowa ke so ya gani a gidan tarihi, ƙashin dantse kuwa ba ya jan hankalin mai kallo. Duk da haka an kwashe su an adana. A shekarar 2015 aka buga sakamakon binciken da Morgan Turner ta fara tun tana ɗalibar digirin farko a Jami'ar Washington ta Amurka. Ta lura cewa gurbin kafaɗar dabbar yana fuskantar ƙasa ne, ba gefe ba, ƙashin dantsenta ba shi da murɗewar da ake gani a dabbobi masu baza ƙafafu, gwiwar hannunta kuma gaba da baya kawai take motsi. Ma'ana, wannan dabba tana tsayawa ne a kan ƙafafunta huɗu kamar saniya, ba ta baje su gefe kamar ƙadangare ba. Tana cikin dabbobi mafi tsufa da aka san suna irin wannan tsayuwa. Ƙasusuwan da mai neman abin ado zai tsallake su ne suka fito da wannan bayani, shekaru bayan an tono su.

Shi ma dutsen da ya lulluɓe ƙasusuwan ya yi nasa bayanin. A wancan zamani nahiyoyin duniya a haɗe suke wuri ɗaya, dunƙulen da ake kira Panjiya, kuma yankin Arlit yana can tsakiyarsa, nesa da teku. Nazarin tsohuwar ƙasar da ta daskare a Moradi ya nuna cewa wurin busasshe ne ƙwarai, amma yana da kwaruruka da tafkuna masu cika su ƙafe, an kuma sami gungumen manyan itatuwa da suka zama dutse. Dabbobin wurin sun sha bamban da na zamaninsu da aka tono a Afirka ta Kudu da Rasha, inda wasu dabbobi dangin kakannin masu shayarwa suka fi yawa. Nigerpeton da Saharastega ma sun fi kama da wasu da suka rayu a Turai da Amurka ta Arewa miliyoyin shekaru kafin su. Daga nan masana suka fahimci cewa hamadar tsakiyar Panjiya ta killace waɗannan dabbobi, suka ci gaba da rayuwa a keɓe. Ba daga ƙashi ɗaya aka gane haka ba. An gane ne saboda an san waɗanne ƙasusuwa aka samu tare, a cikin wane irin dutse, kuma a wane mataki na shimfiɗar.

5.0 Yadda Ake Aikin Tattarawa

Aikin yana farawa ne tun kafin a taka daji, da neman izinin hukuma da nazarin taswirar duwatsu, domin ba kowane dutse ne ke ɗauke da burbushi ba. Dutsen da ya samu daga narkakkiyar wuta, irin na Dutsen Zuma, ba a neman ƙashi a cikinsa. Ana nema ne a dutsen da ya samu daga taruwar laka da yashi. A daji kuwa yawancin lokaci yana tafiya ne a yawo da ƙafa, kai a sunkuye. Mai nema yana duba 'yan gutsattsarin ƙashi da suka gangaro, ya bi su zuwa sama har ya isa inda suke fitowa daga jikin dutse. A nan sanin mutanen wuri yana da matuƙar amfani. Makiyayan Abzinawa sun san wuraren manyan ƙasusuwa tun kafin zuwan masu bincike, har ma dainoson da Paul Sereno ya bayyana a 1999 daga yankin Ingal an sa masa suna Jobaria ne daga Jobar, wata halitta da ke cikin labaran gargajiyarsu.

Idan aka ga ƙashi, ba a taɓa shi sai an rubuta. Ana ɗaukar lambar wurin da na'urar GPS, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a zana yadda kowane ƙashi yake kwance da inda ya fuskanta, a kuma rubuta launi da irin dutsen da ke samansa da na ƙasansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da yake faɗa. Ƙasusuwan da ke haɗe gaɓa da gaɓa suna nuna cewa an binne dabbar da wuri. Waɗanda suka warwatse suna fuskantar gefe guda suna nuna cewa ruwa ne ya ja su. Shekarun burbushi ma daga makwanci ake sanin su, domin shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama, kuma idan an yi sa'a akwai tokar dutse mai aman wuta a kusa, ana auna yadda yuraniyom da ke cikin ƙwayoyinta ya rikiɗa zuwa dalma, a fitar da lissafin shekaru. Ƙashin da aka raba da makwancinsa ba a iya yi masa wannan awo.

Sai bayan haka ake fara tono. Diga da shebur na kawar da dutsen sama ne kawai. Da an kusanci ƙashi sai a koma ga ƙaramar guduma da basilla da burushi, ana yi ana ɗiga wani ruwan gam da ke shiga cikin tsaga ya ƙarfafa shi. Ba a zare ƙashi daga dutse a daji. Ana haƙa rami ne kewaye da shi har ya rage a kan ɗan tudu, a rufe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, sannan a naɗe shi da tsummokaran buhun algarara da aka tsoma a cikin filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. In ta bushe sai a yanke gindin, a kifa, a rufe ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa ganin maɗori yana jera karare a kan karyayyen hannu ya san hikimar abin. A ɗakin bincike ne ake buɗe ƙunshin, a riƙa cire dutsen ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙoƙon kai guda ɗaya yana iya cin watanni. A nan kam sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne rajista. Ana ba kowane ƙashi lamba a wani gidan tarihi na jama'a, inda duk masanin da ke shakkar abin da aka rubuta zai iya zuwa ya duba da idonsa. Ƙasusuwan Bunostegos suna ɗauke ne da lambobin gidan tarihin ƙasa na Nijar da ke Yamai, wanda ake kira Boubou Hama.

6.0 Kasuwa da Jabu da Doka

Ba masana kaɗai ne ke neman burbushi ba. Akwai masu tara shi don sha'awa, kuma da yawa daga cikinsu sun taimaki ilimi ta hanyar kai rahoton abin da suka tsinta. Matsalar tana tasowa ne idan kuɗi ya shigo. A shekarar 2020 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainoso a birnin New York a kan dala miliyan 31.8, a 2024 kuma aka sayar da wani a kan dala miliyan 44.6. Irin wannan farashi ya fi ƙarfin yawancin gidajen tarihi, yana kuma sa talaka a ƙauye ya ɗauki diga ya fasa makwanci cikin gaggawa, ya ciri kai da haƙora ya bar saura. Ba shi kaɗai ne abin zargi ba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wata dabbar da wannan ciniki ya shafa ita ce Mesosaurus da danginta, ƙananan masu jan ciki na ruwa da suka rayu kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. A kudancin Afirka da Amurka ta Kudu ake samun su, kuma wannan ne ya sa Alfred Wegener ya kafa hujja da su cewa nahiyoyin biyu a da a manne suke, tunda ƙaramar dabba irin wannan ba za ta iya ƙetare tekun Atilantika ba. Ƙarfin hujjar gaba ɗaya ya dogara ne a kan sanin inda aka tono kowanne. Amma saboda kyan surarsu a kan falalen dutse, an sha fitar da su daga Barazil ana sayarwa, alhali dokar ƙasar ta 1942 ta mayar da burbushi mallakar gwamnati. A 2023 ma sai da Jamus ta mayar wa Barazil burbushin wani ƙaramin dainoso da aka laƙaba wa Ubirajara, bayan masanan Barazil sun matsa a kan cewa ba bisa ƙa'ida aka fitar da shi ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sanya burbushi cikin kayan da ya kamata ƙasashe su hana fasa-ƙwaurinsu, Nijar kuma tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997.

Ko gidan tarihi ma bai tsira daga ruɗu ba idan babu cikakken rubutu. A 1931 aka sami wani ɗan ƙaramin mai jan ciki a tsaunukan arewacin Italiya, aka sa masa suna Tridentinosaurus antiquus. Ya shahara saboda baƙar surar jikinsa da ke kan dutsen, wadda aka ɗauka fatarsa ce ta wanzu shekara miliyan 280. A 2024 Valentina Rossi da abokan aikinta suka binciki baƙin da na'urori, suka tarar fenti ne da aka haɗa da ƙonannen ƙashi. Ƙasusuwan ƙafafun baya na gaskiya ne, amma fatar hannun mutum ce ta shafa ta. Shekaru da dama ana ambaton wannan fata a rubuce-rubucen masana, saboda ba a bar cikakken bayanin abin da aka yi wa dutsen bayan an tono shi ba.

7.0 Malami da Abin da Yara Ke Tsinta

A Nijeriya ma akwai burbushin masu jan ciki, duk da cewa na baya-baya ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Moradi. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa Sahara ya rufe yankin Sakkwato. W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton mai jan ciki na ruwa daga yankin a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya suka sake masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. An kuma sami dangin kada da kunkuru a duwatsun yankin, kamar na wajen Wurno da Dange. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi ma yana ɗauke da ɓawon halittun teku. Saboda haka malamin da aka tura aiki wannan yanki yana iya wayar gari yaro ya miƙo masa haƙori ko gaɓar ƙashin baya mai nauyin dutse.

Abin da ya dace malami ya fara tambaya shi ne inda aka samo shi. Ya sa yaron ya kai shi wurin, su rubuta kwanan wata da sunan wurin da wata alama da ba ta gushewa, su zana abin da suka gani, su ɗauki hoto idan da hali. In akwai sauran ƙashi a cikin dutse, a bar shi yadda yake, a hana yara tono. Daga nan sai shugaban makaranta ya sanar da gidan tarihi mafi kusa ko sashen ilimin ƙasa na wata jami'a. Wannan rubutu da yaro zai yi darasin insha'i ne cikakke, na siffantawa da na bayar da rahoto, kuma a Hausa ya kamata a yi shi. Haka nan yana da kyau a tambayi dattawan gari sunan da suke kiran irin waɗannan duwatsu da labarin da suke bayarwa a kansu, a rubuta shi yadda suka faɗa ba tare da gyara ba.

8.0 Jinga

1. Ta yaya ƙasusuwan ƙafafun Bunostegos suka nuna cewa sunan “masu jan ciki” bai game dukkan dangin ba? Ɗalibi ya kawo wata kalma ko jimla ta Hausa da yake ganin za ta fi dacewa, tare da hujja.

2. A kwatanta abin da masani zai iya sani daga ƙashin da aka tono da cikakken rubutu da wanda aka saya a kasuwa.

3. A tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan rubuta rahoton abin da aka tsinta a bayan gari.